Akwatin da Ba a Kai Sikeli Ba

Neel Goris surukina ne, uban mijin 'yata, kuma har yau ba na ambaton sunansa sai na roƙa masa gafara. Mutum ne mai riƙon amana, ba ya wuce kima wajen shan giya, bai taɓa ɗaga hannu ya doki yaro ba. Aibinsa ɗaya ne. Ya yarda da idonsa da hannunsa fiye da yadda ya kamata ɗan Adam ya yarda da wani abu nasa.

A tashar jiragen ruwa ta Antwerp ya tashi, ya yi dako tun yana saurayi tare da mijina Sooi. Allah ya yi masa wata baiwa. In aka kawo akwati mai nauyi, sai ya zura sandar ƙarfe ƙarƙashin kusurwa ɗaya, ya danna, ya lumshe ido, ya faɗi nauyinsa. In aka auna, da wuya a samu ya kauce da yawa. 'Yan dako suka sa masa suna Sikeli, shi kuwa ya fi son wannan suna a kan wanda aka yi masa baftisma da shi.

Da bayansa ya fara ciwo sai ya bar dako. Ya kama aiki a wata rumfa inda ake haɗa wa injuna akwatunan katako kafin a sa su a jirgi, har ya zama shugaban kafintocin wurin. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa ɗa guda, Warre. Shi kaɗai ya rene shi, shi ya dafa masa dankali, shi ya ɗinke masa wando. Warre ya girma ya auri 'yata Mieke, ya shiga ƙungiyar 'yan dakon da Sooi ke shugabanta. Aikinsa a can ƙasa yake, cikin rumbun jirgi, inda ake karɓar kayan da ƙugiyar injin ɗaga kaya ta sauko da su.

A zamanin da, in babban akwati ya zo bakin jirgi, ba wanda ya san nauyinsa. Saboda haka 'yan dako suna da al'adarsu. Sai a ɗaura masa sarƙa, a ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a bar shi yana reto, kowa ya ja da baya yana sauraron kukan ƙarfe. In ƙugiya ta yarda da shi, sannan a ci gaba. Aiki yana tafiya a hankali, kuma duk da haka mutane sun mutu da yawa, domin ba kowane shugaba ne mai haƙuri ba.

Sai doka ta zo. Duk kayan da ya kai tan ɗaya, wato kilo dubu, dole mai aiko shi ya rubuta nauyinsa a jikinsa da manyan lambobi, yadda ruwa ba zai wanke ba, kafin ya hau jirgi. Mu matan 'yan dako mun yi murna. Na kunna kyandir a coci ranar da Sooi ya gaya mini. Daga nan aiki ya sake. Shugaba zai dubi lamba, in ba ta kai tan biyu ba ya ce a kawo igiya, in ta wuce ya ce a kawo sarƙa. Aka daina ɗagawar taƙi ɗaya, tunda ga lamba tana magana.

A rumfarsu Neel, shi aka ba gwangwanin fenti da buroshi. Ka'ida ita ce a ɗora akwati a keken doki, a bi da shi ta babban sikelin tasha, a auna, sannan a rubuta. Amma sikelin yana can wani gefe, kullum da layin kekuna a gabansa. Neel ya kai akwatuna 'yan kaɗan a farko, ya ga abin da allura ta nuna bai yi nisa da abin da hannunsa ya faɗa ba. Daga nan bai sake zuwa ba. Sai ya danna sandarsa, ya lumshe ido, ya rubuta.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, duk muna cin abinci a gidanmu. Na yi miyar zomo, Mieke tana da tsohon ciki tana zaune kusa da murhu. Sooi ya ajiye cokali ya dubi Neel.

"Sikeli, an ce mini ba a ganin kekunanka a wurin awo."

"Wa ya ce? Mai kula da sikelin? Kewata yake yi, ka gaishe shi."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. In tsaya rabin yini a bayan jelar doki, don wani ƙarfe mai tsatsa ya gaya mini abin da na riga na sani? Kai, Sooi, sau nawa muka yi musu a kan nauyin kaya ka sha kaye a hannuna? Giyar da ka saya mini ta isa ta ɗaga jirgi."

Warre ya fashe da dariya. "Gaskiya ne, Baba Sooi. Ni sikelin ma nake so a riƙa kawowa wurin Babana a duba lafiyarsa."

Sooi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka saurare ni, Neel. Da can in ka faɗi nauyi, muna jinka, amma sai mun ɗaga taƙi ɗaya mun gani. Tsoro ne yake tsaronmu. Yanzu lamba ta ɗauke mana tsoron. In ka rubuta, ba mai sake tambaya. Gara akwati ya zo mini babu komai a jikinsa da ya zo da lambar da ba a auna ba."

"To na taɓa yi maka kuskure?"

"Ba ka taɓa ba."

"To ci zomonka."

Ni ba na shiga maganar maza a kan aikinsu, amma ranar na ce, "Baban Warre, ko da sau ɗaya a mako ne, ka riƙa kaiwa. Mutum yakan tashi wata rana hannunsa ba daidai ba."

Ya juyo yana murmushi. "Haba, Fien! Ke da kika koyi karatu a jikin akwatuna, rabin lambobin da kika haddace ai nawa ne. In ƙarya suke, to karatunki ma ƙarya ne." Kowa ya yi dariya, har ni. Aka ci gaba da cin abinci.

Mieke ta haifi ɗa namiji da farkon bazara. Yaron bai fara zama ba lokacin da abin ya faru.

An kawo rumfar wani injin matse rake da za a kai ƙasashen zafi. Neel ya sha haɗa wa irinsa akwati. Irin injin nan yana da wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe, zagayayyiya kamar ta keke, da ke juya shi, kuma kullum daban ake yi mata nata akwatin. A safiyar ranar Neel ba ya nan, ya je cocin da ake yi wa matarsa addu'ar shekara. Kafintoci suka ga katako ya yi ƙaranci, jirgi kuma zai tashi da cikar ruwa. Suka ga akwai fili a ƙarshen akwatin injin, ta gefen da ke jingine da bango. Sai suka sa ƙugiyar rumfa ta saka ƙafar a ciki, suka tokare ta, suka buga murfi.

Neel ya dawo a gaggauce, ko kwat ɗin coci bai cire ba. Ya ɗauki sandarsa ya zura a kusurwar da ke gabansa, wadda take gefen da babu ƙafar. Ɗaya daga cikin kafintocin, wani dattijo, ya matso.

"Maigida, kafin ka rubuta, akwai abin da muka..."

"Na tambaye ka?"

"A'a, amma cikin akwatin..."

"In ina sauraron kaya ba na son surutu. Shekara nawa kana aiki da ni ba ka san wannan ba?"

Dattijon ya koma bakin aikinsa. Daga baya ya ce ya ɗauka hannun Neel zai ji ƙafar da kansa, tunda hannun Neel yana jin komai. Neel ya danna, ya lumshe ido, ya ji nauyin da ya saba ji. Bai ce a jawo akwatin daga bango ya gwada ɗaya gefen ba. Ya tsoma buroshi ya rubuta kilo dubu ɗaya da ɗari takwas, baƙi a kan farin katako, kowace lamba ta kai tsawon hannu.

Tist mai keken doki ne ya zo ɗauka. Aka ɗora masa, ya kaɗa linzami. Dawakansa biyu, irin manyan nan masu faɗin ƙirji, suka yunƙura, keken bai motsa ba. Sai da suka durƙusa da ƙafafun baya suna nishi sannan ya gusa. Tist ya tsaya ya dubi lambar.

"Sikeli, dawakaina sun ce ba su yarda ba."

"Dawakanka sun tsufa kamar ubangidansu. Ka riƙa ba su hatsi, ka daina shanye kuɗin."

"Bari in bi ta wurin awo. Hanya ce kaɗan."

"Ka bi ta wurin awo jirgi ya tafi ya bar kayan, sai ka je ka yi wa masu shi bayani. Ka ce doki ne ya ba ka shawara."

Kafintoci suka yi dariya. Tist ya ji kunya, ya tofar da yawu, ya nufi bakin jirgi kai tsaye. Wannan shi ne karo na uku da aka yi wa Neel magana, kuma shi ne na ƙarshe.

Abin da ya biyo baya daga bakin mijina na ji shi. Sau ɗaya ya ba ni labarin, bai sake ba har ya koma ga Ubangiji.

Da keken ya iso, Sooi ya ga kumfa a wuyan dawakai. Ya dubi akwatin, ya dubi lambar, ransa bai kwanta ba. Ya ce a kawo sarƙa. Aka ce sarƙar tana can gaban jirgi ana loda ƙarafunan dogo da ita, sai an jira. Jami'in jirgin yana tsaye a sama yana nuna agogonsa. A daidai lokacin Warre ya hawo daga rumbu don ya sha ruwa. Ya ji ana gardama, ya zo ya tsaya gaban akwatin.

"Wace sarƙa kuma? Baba Sooi, dubi takwas ɗin nan. Ka ga kanta ya fi cikinta girma? Duk tashar nan mutum ɗaya ne ke yin takwas haka. Hannun Babana ne."

"Na gani. Amma dubi dawakan."

"Dawakan Tist? Ko kwandon albasa suka ja sai sun yi kumfa."

Tist ya ce, "Kai, ɗan Sikeli, ka kiyaye ni."

"Yi haƙuri, Kawu. Baba Sooi, in wani ne ya rubuta, ni zan fara cewa a jira. Amma wannan? Ni zan karɓe shi da hannuna a ƙasa. Ku sa igiya mu gama, ina so in je gida kafin yarona ya yi barci."

Sooi ya ce mini ya buɗe baki zai ce a ɗaga taƙi ɗaya tukuna, kamar da. Sai ya tuna yaron nan mijin 'yarsa ne, kuma a gaban mutane zai ce masa bai yarda da ubansa ba. Ya ɗaga hannu ya ce a sa igiya.

Warre ya sauka. Aka zagaya akwatin da igiya biyu, ƙugiya ta ja. Akwatin ya tashi, ya ɗan karkata, amma ya tashi. Sai da ƙugiya ta juya da shi ya kai saman bakin rumbu, sannan gefe ɗaya ya nutsa ƙasa. Sooi ya ji igiyar tana ƙara kamar ana yaga zane. Ya yi ihu, "Ku kauce a ƙasa!"

Sun kauce. Ba ɗan dakon da ke tsayawa ƙarƙashin kaya, kuma Warre ya san aikinsa, ya ruga ya manne a lungu. Amma akwatin bai faɗi kai tsaye ba. Ya daki bakin rumbun ya tarwatse. Injin ya faɗi a tsakiya inda babu kowa. Ƙafar ƙarfen kuwa ta fito daga ciki, ta sauka a kan gefenta, ta gangara kamar yadda aka ƙera ta ta yi, har lungun da Warre yake.

Sai da mutum takwas suka sa sanduna kafin su ɗaga ta. Yana da sauran numfashi. Sooi ya tallafi kansa. Warre ya dube shi da mamaki, ba da tsoro ba, ya ce, "Wannan ba akwatin Babana ba ne." Daga nan rai ya yi halinsa.

Neel ya ji ƙararrawar tasha daga rumfa, ya biyo mutane yana tambayar wane jirgi ne. Duk inda ya nufa, sai dai a buɗe masa hanya. Da ya iso, an riga an fito da Warre an rufe shi da tamfol. A gefensa wani ya jingine katakon da ya ɓalle daga akwatin, da lambar a jiki, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Neel ya dubi takalman da suka leƙo daga tamfol, shi ya saya masa su. Ya dubi katakon. Ya ce, "Igiyar ce ruɓaɓɓiya." Ya sake faɗa, da ƙarfi. Sooi ya miƙa masa guntun igiyar, sabuwa fil.

Washegari hukumar tasha ta tattara injin da ƙafar da katakan, aka kai babban sikeli. Neel ya ce sai ya je. Ya tsaya a bayan keken Tist, cikin layin da ya ƙi tsayawa a ciki duk shekarun nan, ya jira har aka zo kansu. Allura ta wuce lambarsa ba ta ko tsaya ba. Ta wuce tan biyu, ta wuce tan uku, sannan ta tsaya. Awon duka bai kai tsawon addu'a ɗaya ba.

'Yan dako a kafaɗa suke ɗaukar mamacinsu daga coci, kuma in uba yana da rai akan bar masa gaba ta dama. Wasu suka ce kada a bar wa Neel. Sooi ya ce a bar masa. Neel ya sa kafaɗarsa, mutumin da ya ɗauki buhunan kofi bibbiyu yana saurayi. Aka ɗaga, aka yi 'yan taku, sai ya durƙushe. Da Tist bai tare ba da akwatin gawar ya taɓa ƙasa. Na kama hannun Neel na ja shi gefe. Ya ce mini, "Fien, da hannu ɗaya nake ɗaga shi lokacin da uwarsa ta rasu."

Kotu ta ɗaure shi na wasu watanni, aka kuma hana shi aikin tasha har abada. Ya ce wa alƙali hukuncin ya yi kaɗan. Da ya fito, Mieke ta ce ba zai taka ƙofarta ba, ba zai ɗauki jikansa ba. Na yi mata magana a kan yafiya har na gaji, sai na koma yi mata addu'a kawai. Ban ga laifinta ba. Sooi ma bai sake zama mutumin da na sani ba. Ya ci gaba da aiki, amma ko akwatin sabulu aka kawo sai ya sa an ɗaga taƙi ɗaya, har matasa suna yi masa dariya a bayan ido.

Neel kuwa ya samu wani dutse kusa da babban sikeli ya mai da shi wurin zamansa. Rani da sanyi yana nan. In keke ya zo da babban akwati zai wuce bai tsaya ba, sai ya tashi ya shiga gaban dawakai ya buɗe hannuwa. Masu keke suna zaginsa, wasu suna cewa ya taɓu. Ba wanda ya sake kiransa Sikeli. Ni nake kai masa miya a kwano, domin ba wani mai kai masa.

Wata rana da rana na ɗauki jikan namu, ya fara tafiya, na bi da shi ta wurin ba tare da na gaya wa uwarsa ba. Yaron ya je ya dafa gwiwar tsohon. Na ce, "Ɗauke shi mana, Baban Warre. Ka ji yadda ya yi nauyi."

Neel ya miƙa hannuwa, sai ya tsaya ya dube su. Ya mai da su ƙarƙashin hammatarsa.

"A'a, Fien. Kada ki ba hannun nan komai."

Bai kai wani sanyin ba. A kan dutsen nan masu keke suka same shi da safe ya rasu, yana fuskantar sikeli.

Ya kai mai karatu, darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baiwa ba ta ɗauke wa mutum wajibin bin ka'ida. Neel bai yi niyyar ƙarya ba, amma ya rubuta zato a wurin da mutane ke neman tabbas, kuma waɗanda suka fi yarda da shi su ne suka fi shiga haɗari. Duk abin da za ka sa wa hannu wasu su dogara da shi, ko lamba ce ko magana, ka tabbatar da shi tukuna, komai tsawon layi, komai gaggawar jirgi. In ba ka auna ba, ka ce ba ka auna ba, don tsoro ya tsare na ƙasa. In an yi maka magana, ka bari mai maganar ya kai ƙarshe. Ba ka san wanda zai tsaya ƙarƙashin abin da ka rubuta ba. Ubangiji ya raba mu da girman kai, ya ji ƙan Warre, ya gafarta wa ubansa.